Tattakin natsuwa: Tambayoyinku da amsoshin masana

Wasiƙu sun taru a kan tattakin natsuwa, wato mutum ya yi tafiya hankalinsa na kan takun da yake yi da abin da ke kewaye da shi, maimakon tunani ya yi ta yawo da shi. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar ofis ce, a zaune nake wuni. Ina jin ana ta maganar tattakin natsuwa, amma ban ga bambancinsa da tafiyar da kowa ke yi ba. Don Allah ku yi min dalla-dalla.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙafar dai ita ce, takun ma shi ne. Bambancin yana wajen hankali. A tafiyar yau da kullum jiki ne ke tafiya, hankali kuwa yana can yana lissafin aikin gobe ko yana maimaita maganar da aka faɗa masa jiya. A tattakin natsuwa aiki ɗaya ake ba hankali, duk sa'ad da ya zame a dawo da shi.

Ki nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tsawon taku 10 zuwa 15, ko cikin ɗaki ko baranda, inda babu abin tuntuɓe kuma babu mai zuba miki ido. Ki tsaya cak na kamar rabin minti, ƙafafu a ware daidai faɗin ƙugu, gwiwoyi a ɗan sake. Ki ji inda nauyinki ya sauka: a dunduniya ne, ko a gaban tafin ƙafa, ko ya rinjaya gefe ɗaya? Hannuwa ki sake su ko ki haɗa su a baya. Ido a buɗe, yana kallon ƙasa kamar mita biyu zuwa uku a gabanki.

Sai ki fara takawa a hankali, ƙasa da rabin saurin da kika saba. Kowane taku sassa huɗu gare shi: dunduniya ta bar ƙasa, ƙafa ta wuce gaba, dunduniya ta sauka, sai nauyi ya mirgino ta gefen tafin ƙafa har ya ƙare a babban yatsa. Idan kin kasa kunne ga jikinki za ki ji cewa akwai ɗan lokaci ƙanƙani da ƙafafun biyu duk suna ƙasa, ta gaba tana karɓar nauyi, ta baya tana miƙa shi, sha-raɓar ta baya ta ɗan ɗaure kafin ta saki. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ake bi. Da kin kai ƙarshe ki tsaya, ki ja numfashi ɗaya, ki juya a sannu, ki dawo. Minti 10 a rana ya isa a makon farko.

Kurakurai uku ne suka fi yawa. Masu farawa kan sunkuyar da kai suna kallon yatsunsu, wuya ya ƙage, wani lokaci har jiri ya biyo baya. Wasu kuma kan rage sauri fiye da kima har su riƙa tangaɗi, domin tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta yi tsawo. Maganinsa a rage faɗin taku, a ɗan ƙara sauri. Na ukun shi ne riƙe numfashi ba tare da an sani ba saboda tsabar mayar da hankali. Alamarsa kafaɗu su ɗago, muƙamuƙi ya cije. In kin ji haka ki sauke kafaɗa, ki saki haƙora, numfashi zai koma daidai da kansa.

Bayan mako ɗaya ko biyu sai ki fita da shi waje, ki yi da saurinki na kullum. A nan ba za ki iya bin sassa huɗun nan ba, kuma ba a buƙata. Saukar ƙafa kawai za ki bi, hagu, dama, na 'yan mintuna, sannan ki buɗe hankali ga sautin da ke kusa da na nesa, da iskar da ke taɓa fuska, sannan ki koma kan ƙafa.

Tambaya: Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Idan ina yin wannan tafiyar ta sannu-sannu minti 30 kullum, na sauke nauyin?

Amsa: Ba ka sauke ba, Malam, kuma a nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma zuciya da huhu ba sa ƙara ƙarfi sai an ɗan matsa musu. Tafiyar sannu ta cikin ɗaki horon hankali ce. Ta fi zama, amma ba ta kai abin da likitanka ke nufi ba.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kuma atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, mutum wajen biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni.

Yaya za ka san tafiyarka ta kai matsakaici? Hanya biyu ce, duk ba sa buƙatar na'ura. Ta farko ƙirga: ka duba agogo, ka ƙirga takunka cikin sakan 15. In ya kai 25, kana yin taku 100 a minti, wanda ga yawancin manya shi ne bakin matsakaici. Ta biyu magana: numfashinka ya ɗaga, kana iya yin hira amma ba za ka iya rera waƙa ba. In kana iya waƙa ka ƙara sauri. In kuwa kalma uku ba ta fita sai ka yanke don haki, ka zarce, ka sassauta.

Abin daɗin shi ne natsuwa ba ta rigima da sauri. Ana iya haɗa su a fita ɗaya. Minti biyar na farko ka taka a hankali kana bin tafin ƙafa, jiki yana ɗumama. Minti 30 na tsakiya ka ɗaga sauri, gwiwar hannu a lanƙwashe, hannuwa suna lilo, hankali yana kan amon takun da yadda numfashi ke shiga cikinsa. Za ka tarar kana shaƙa a taku uku ko huɗu kana fitarwa a kusan haka, kada ka tilasta. Minti biyar na ƙarshe ka sauko sannu a hankali, kana jin bugun zuciya yana lafawa. Kwana biyar a mako, ga minti 150 ɗinka. Na tsakiyar kaɗai ake lissafawa.

Wanda ya daɗe bai motsa ba kada ya fara da 30. Ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara biyar kowane mako. Ana kuma iya rarraba shi: 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma. A ƙa'idar 2020 an ma cire sharaɗin da ke cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a ƙirga shi.

A ganinmu babban amfanin natsuwa ga motsa jiki shi ne ɗorewa. Mai tafiya yana duba agogo yana jiran a tashi, da wuya ya kai wata biyu. Wanda ya koyi jin jikinsa kan gane gajiya ta gaskiya da ƙyuya, kan kuma ji ciwo tun yana ƙarami kafin ya kwantar da shi.

Tambaya: Na gwada har sau da yawa, amma ko taku biyar ba na yi tunani ya kwashe ni. Anya ni ina da irin ƙwaƙwalwar da ake yin wannan abu da ita?

Amsa: Irinta gare ki, 'yar'uwa, domin ta kowa haka take. A 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin waɗannan lokutan sun fi bayyana rashin jin daɗi.

Saboda haka kada ki auna kanki da tsawon lokacin da kika yi babu tunani. Wannan ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne lokacin da kika farga. Hankali kamar ƙaramin yaro ne da kika riƙo hannunsa a hanya: zai fizge, ki sake kamowa ba tare da tsawa ba, ya sake fizgewa. Kowace kamowa ita ce atisayen. In kin farga sau 40 cikin minti 10, sau 40 kika yi aikin.

Dabaru biyu na taimakawa. Ki riƙa ƙirga taku daga ɗaya zuwa 10, ki koma ɗaya. In kin tsinci kanki a 17, kin san kin tafi, sai ki faro. Ko kuma da tunani ya zo ki ba shi suna a zuci da kalma ɗaya, "shiri", ko "damuwa", ko "tuna baya", ki mayar da hankali tafin ƙafa. Abin da ke ɓata aikin shi ne faɗa da kai. Haushin cewa kin kasa, shi ma wani tunanin ne, kuma ya fi na farkon cin lokaci.

Tambaya: Duk lokacin da na sa hankali a kan numfashina sai ƙirjina ya cushe, gabana ya yi ta faɗuwa, har yatsuna su riƙa tsikari. Me ke faruwa?

Amsa: Malam, wannan sananne ne ga masu yawan fargaba. Da ka sa ido a kan numfashi sai ka fara sarrafa shi, kana zuƙa da ƙarfi da sauri fiye da buƙatar jiki. Hakan yana fitar da iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, sai jiri da tsikarin yatsu da na leɓe su biyo baya, su kuma su ƙara tsoro.

Ka bar numfashi ya yi harkarsa. Ka ɗora hankali a waje: ka nemo abu biyar da kake gani, ka saurari sauti uku, ka ji taurin ƙasa ƙarƙashin takalmi. In abin ya taso, ka tsaya, ka dafa wani abu, ka fitar da iska a hankali ta baki fiye da tsawon shaƙarka. Wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali, kuma yin shiru yana dawo masa da abin, ya taƙaita zuwa minti uku, ya yi a fili da rana, zai fi kyau kuma ya yi da sanin likitan ƙwaƙwalwa. Sai dai kada ka ɗora komai a kan fargaba tun ba a duba ka ba. Cushewar ƙirji da ke zuwa idan ka yi sauri ko ka hau tudu, ta lafa in ka huta, magana ce ta zuciya, asibiti za ka je.

Tambaya: Agogon hannuna yana nuna min taku 6,000 a rana, an ce kuma sai 10,000. Shekaruna 63. Wahalar banza nake yi?

Amsa: Ko kusa, Hajiya. Adadin nan na 10,000 ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, sunan kuma ya bi duniya.

Da aka zo aka auna, abin ya fi haka sauƙi. Wani bincike da Farfesa I-Min Lee ta jagoranta a 2019 a kan mata sama da 16,000 a Amurka, masu matsakaicin shekaru 72, ya gano cewa masu taku wajen 4,400 a rana ba a samu mace-mace a cikinsu kamar masu 2,700 ba, amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Wani nazari na 2022 da ya tattara bincike 15 ya nuna ga masu shekara 60 zuwa sama amfanin yana daidaita tsakanin 6,000 da 8,000, ga 'yan ƙasa da haka kuma tsakanin 8,000 da 10,000. Kin riga kin shiga sahu. In kina son ƙari, ki ƙara 500 a rana har mako biyu kafin ki sake ƙarawa.

Shawara ɗaya: yayin tattakin ki juya fuskar agogon ciki, ki duba shi in kin dawo. Mai leƙa lamba kowane minti biyu ba ya tare da ƙafarsa. A shekarunki kuma, nan da ɗan lokaci Hukumar Lafiya ta Duniya za ta so ki ƙara atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, wanda take ba masu 65 zuwa sama shawara don rage faɗuwa. Tafiyar sannu kusa da bango, inda za ki iya dafawa, tana shiga nan da kyau.

Tambaya: Na ji an ce asalin abin nan ibadar wasu ce. Gaskiya ne?

Amsa: Tafiya cikin zurfafa lura tsohuwar al'ada ce a wajen mabiya addinin Buda a nahiyar Asiya. Wanda ake koyarwa a asibitoci kuwa ya samo tushe ne daga shirin rage damuwa na mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya kafa a 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, domin marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa. Abin da muka bayyana a sama babu kiran sunan wani abin bauta a ciki, babu wasu kalmomi da ake maimaitawa; lura ce da ƙafa da numfashi da sauti. Mu ta fuskar lafiya muke magana, hukunci kuwa sai a nufi malamai.

Tambaya: Shin yana maganin damuwa da ƙiba kamar yadda ake yaɗawa a intanet?

Amsa: Yana taimakawa, amma ba kamar yadda ake zuzuta shi ba. A 2013 likitoci a asibitin Charité da ke Berlin sun gwada shi a kan mutum 74 masu fama da matsin rayuwa. Waɗanda suka yi tattakin sau takwas cikin mako huɗu sun ba da rahoton raguwar damuwa fiye da waɗanda ba a yi wa komai ba. Labari ne mai daɗi, sai dai mutanen kaɗan ne, lokacin gajere ne, kuma da yake ba a gwada su da masu tattaki zalla ba, ba a iya raba amfanin natsuwar da na tafiyar kanta da na haɗuwa da jama'a. Wani babban nazari na 2014 da ya tattara gwaji 47 a kan shirye-shiryen horon hankali ya samu sauƙi kaɗan zuwa matsakaici ga fargaba da baƙin ciki da ciwo, amma bai samu hujjar cewa sun fi magani ko motsa jiki ba. Don haka wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye. Wanda kuma ya yi mako biyu yana cikin ƙunci, ba barci, ba sha'awar komai, ko yana jin gara ya mutu, likita yake buƙata yau, ba tattaki ba.

Ƙiba kuwa lissafi ne. Mai nauyin kilo 70 yana ƙona kalori 120 zuwa 150 a tafiyar sauri ta minti 30, kilo ɗaya na kitse kuma ya kai kalori 7,700. Tattaki shi kaɗai ba ya rage nauyi da sauri sai an gyara ci. Amma jini da suga da barci suna amfana ko sikeli bai motsa ba.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga da hawan jini, shekarunsa 70. Na karanta cewa tattakin natsuwa ya fi kyau ba takalmi, don a ji ƙasa sosai. In bar shi ya yi haka?

Amsa: Kada ka bar shi, ɗan'uwa, ko a tsakar ɗaki. Ciwon suga da ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya taka ƙusa ko ƙasa mai zafi bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Baba ya sa takalmi rufaffe mai laushin ciki, wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin. A gwada takalmin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Safa busasshiya, marar kauri a ɗinki. Kafin ya sa a zura hannu a lalube cikin takalmin, bayan ya dawo kuma a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ana neman ja ko bororo ko tsaga. In ba ya jin tafin ƙafarsa sosai, ya ɗora hankalinsa a kan lilon hannuwa ko motsin cinya.

Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan suga da ke biyo bayan ci, kuma ita ta fi masa sauƙi. In yana allurar insulin ko yana shan irin su glibenclamide, suga na iya faɗuwa. Alamunsa rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, ruɗewa. In awo ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ya tsaya, ya sha giram 15 na suga, kamar cokali ɗaya babba a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Kada ya fita ba tare da shi a aljihu ba.

Ta ɓangaren jini, wani nazari na 2021 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya, da ya haɗa gwaji 73, ya nuna tattaki a kai a kai yana sauke lambar sama da kusan maki huɗu. Ƙari ne a kan magani, ba madadinsa ba. In awon safe ya kai 180/110 a fasa fita, a tuntuɓi likita. In yana shan atenolol ko propranolol, bugun zuciyarsa ba zai hau yadda ya kamata ba, don haka kada a dogara da lambar agogo, a yi amfani da gwajin magana. Kada kuma ya tsaya cak daga sauri, domin jini kan taru a ƙafafu jiri ya ɗebe shi. Ya sauko a hankali na minti biyar.

Ku zaɓi sanyin safiya ko na yamma, ya sha ruwa kafin fita. In hanyar ta motoci ce kuma babu gefen masu ƙafa, ku yi tafiya kuna fuskantar motocin da ke tahowa, kunne a buɗe, babu iyafis. A bakin titi da wajen tsallakawa a ajiye bin tafin ƙafa, ido da kunne su koma kan hanya. Tsamin cinya da sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne ga mai farawa. Amma ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya hannu ko muƙamuƙi, haki da ya wuce ƙima, jiri kamar zai faɗi, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, duk waɗannan a tsaya nan take a kai shi asibiti.